In an ba ka kujerar ɗalibai a kwamitin jami'a

Ƙanena ya kira ni ranar Laraba da daddare, muryarsa har rawa take. Wai shugaban sashensu ya ce a kawo sunan ɗalibi ɗaya daga aji uku da zai riƙa zama da malamai a kwamitin tsara jadawali, 'yan ajin kuma sun nuna shi. "Yaya, in karɓa ko in zame?" Na ce ya karɓa, amma ya zo gida Ƙofar Sauri ranar Asabar, don maganar ta fi ƙarfin katin waya. Abin da na faɗa mashi a tsakar gida, Inna na tankaɗe tana sauraronmu, shi na ga ya kamata in rubuta. Ni ma na yi shekara biyu a kan irin wannan kujera lokacin ina karatun ilimin halittu, kuma babu wanda ya zaunar da ni ya gaya mani komai kafin in hau ta.

Ka fara sanin girman kujerar, kada ka kai ta inda ba ta kai ba. Ko a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa kake, wadda gwamnatin jihar Katsina ta kafa a 2006, ko Al-Qalam da ta girme ta da shekara ɗaya, ko ta Tarayya da ke Dutsin-ma da aka kafa a 2011, tsanin kusan iri ɗaya ne. Magana kan tashi daga sashe, ta hau tsangaya, sannan ta isa majalisar jami'a da ake kira Sanet, inda shugaban jami'a ke jagoranci, magatakarda ke riƙe da alƙalami, farfesoshi da shugabannin tsangayu da na sassa ke zaune. Can ake amincewa da sakamakon jarrabawa da kalandar karatu. Kai ba can za ka ba. Inda aka fi kiran ɗalibi shi ne ƙananan kwamitoci: na jadawali, na ɗakin karatu, na walwalar ɗalibai, na ladabtarwa, wani lokaci na ingancin koyarwa, kuma kowace makaranta da nata tsarin. Yawancinsu shawara suke miƙawa sama, ba su yanke hukuncin ƙarshe. In ka riƙe wannan, ba za ka fito daga zama ka yi wa 'yan ajinku alkawarin abin da ba ya hannunka ba.

In kuwa ba wanda ya kira ka amma kana so, hanyar ba ɓoyayya ba ce. Yawanci daga wakilan aji da shugabannin ƙungiyar sashe ko ƙungiyar ɗalibai ake ɗauka. Ka je wurin malamin da ke kula da ajinku, ko ofishin kula da harkokin ɗalibai, ka tambayi kwamitocin da ke da gurbin ɗalibi da yadda ake cike shi. Sau da yawa gurbin na nan a rubuce, ba kowa a kai, don ba wanda ya tambaya. In aka ba ka, ka nemi takardar naɗi mai sa hannu, ko da layi uku ce. Albashi dai babu. Abin da za ka samu ruwan roba ne, ranar sa'a da lemo da biskit.

Kafin zaman farko ka nemo littafin dokokin ɗalibai, wannan da ake raba mana a shekarar farko mu jefa ƙasan akwati. Ka karanta shi da biro a hannu. A ciki za ka ga kashi nawa na halartar lakca ake buƙata kafin a shiga jarrabawa, wanda a yawancin jami'o'inmu 75 ne cikin 100, da yadda ake raba maki tsakanin gwajin cikin zango da babbar jarrabawa, 30 da 70 ko 40 da 60, da hukuncin kowane laifi. Wasu malaman ma sun manta abin da ke cikinsa. Ranar da ka buɗe shafi ka karanto masu dokarsu cikin ladabi, daga ranar kallon da suke maka zai sake.

Zamana na farko ba zan manta da shi ba. Talata ce, ƙarfe goma, a ɗakin taron tsangaya. Dogon tebur, fanka ɗaya ke juyi cikin uku. Na shiga ciki fal da magana: aji ya yi mana kaɗan, lasifika ta mutu, jarrabawa na cin karo, ana kai mu har Magariba. Da aka ba ni dama na zazzage ta duka, ko numfashi ban ja ba, na zauna ina jin yau na burge. Wani farfesa dattijo da ke ƙarshen tebur ya zare tabarau, ya dube ni, ya juya harshe zuwa Hausa.

"Ɗiyata, waɗanda jarrabawar tasu ke cin karo, su nawa ne?"

"Suna da yawa, ranka ya daɗe."

"Yawa nawa? Biyar ko hamsin? Wane kwas da wane kwas?"

Na yi tsuru-tsuru. Bai ƙara ko kalma ba, ya mayar da tabaransa, aka wuce batu na gaba. Bayan wata guda aka raba rubutaccen bayanin zaman, na bi shi layi-layi ina neman maganata. Layi ɗaya na tarar, wai wakiliyar ɗalibai ta yi wasu tsokaci. Duk kumfar bakina iyakarta ke nan.

Ranar na ji haushin dattijon nan, amma shi ya koya mani aikin. A kwamiti, abin da ba a ƙidaya ba surutu ne, abin da bai shiga takarda ba kuwa kamar ba a faɗe shi ba. Malaman nan sun shekara ashirin suna jin "muna shan wahala" daga bakin ɗalibai, kunnensu ya saba. Abin da ba su saba gani ba shi ne ɗalibi ya ajiye masu takarda guda mai lambobi.

Dama ta zo bayan yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022, wanda aka shiga ranar 14 ga Fabrairu ba a janye ba sai 14 ga Oktoba. Da aka dawo an matse komai don a cike giɓin wata takwas, jadawalin jarrabawa ya fito a cukurkuɗe. Waɗanda abin ya fi ci su ne masu keri-oba, wato masu maimaita kwas ɗin da suka faɗi, domin mai tsara jadawali aji-aji yake kallo, ba ya ganin ɗan aji uku da ke bin bashin kwas na aji biyu. Na sayi littafi ɗan sittin, na ja layuka: lambar rajista, kwas na farko, kwas na biyu, rana, lokaci, sa hannu. Kwana uku ina tare mutane a bakin aji da ƙofar masallaci da wurin mai awara. Wasu sun ƙi rubutawa don kunyar a san suna da keri-oba, sai na ce ban son suna, lamba kawai. Mutum 23 na samu, 19 daga cikinsu kwas biyu ne tak suka haɗa su ranar Alhamis da safe. Ban tsaya nan ba. Na je wurin jami'in jarrabawa na roƙi ganin jerin ɗakuna, na ga akwai ɗakin da ba kowa ranar Asabar da hantsi. Na buga komai a shafi ɗaya, na yi fotokwafi goma sha biyu da kuɗin motata.

A zaman, maganata ba ta kai minti biyu ba. Na ce ga mutum 19, ga kwas biyun, ga ɗakin da ke fili ranar Asabar, in kwamiti ya ga ya dace. Farfesan nan ya ɗaga takardar ya kusanto da ita fuska, ya bi ta da yatsa har ƙasa, ya ce wa shugaba shi bai ga abin musu a nan ba. Aka ɗage kwas ɗin. Sauran mutum huɗun aka ce su rubuta ɗaya, a tsare su a ɗaki, su rubuta ta biyu. Saboda haka in za ka kai kuka, ka tafi da maganinsa a aljihu. Malami mai lakca uku a ranar ba shi da lokacin nema maka mafita, amma in ka kawo ta a dafe zai sa hannu.

Ba kullum ake dacewa ba. Na kai maganar masu zuwa daga Batagarawa da Rimi da Kaita da Jibiya, yawancinsu matan aure, waɗanda jarrabawar da ke ƙarewa ƙarfe shida ke sa su kan hanya cikin duhu, kuma kowa ya san halin da wasu hanyoyin nan ke ciki. Da ƙidayata na je, amma ɗakuna ba su isa ba. Abin da na samu kawai shi ne an rubuta cewa a zango mai zuwa za a fara duba wannan kafin a fitar da jadawali. Na tabbatar an rubuta, kuma da zangon ya zo da wannan layin na kama su.

Wannan ya kawo ni ga mutumin da ya fi kowa amfani gare ka a ɗakin, wato sakataren kwamiti. Da ɗan gari akan ci gari. Shi ke tsara ajanda, shi ke rubuta abin da aka tattauna, shi ya san ranar da za a zauna tun kafin takardar gayyata ta fito. Ka san ofishinsa, ka riƙa gaishe shi ko ba ka da buƙata. In kana da batu, ka kai mashi a rubuce mako guda kafin zama don ya shiga ajanda da lambarsa. In ka bari sai an zo "sauran batutuwa" a ƙarshe, ka makara: Azahar ta yi, yunwa ta taso, kowa ya ɗauki makullin motarsa yana kaɗawa. Sannan farkon kowane zama akan karanta bayanin zaman baya a nemi gyara. Mutane kan yi gyangyaɗi a nan, kai kada ka yi. In an rage maganarka ko an juya ta, lokacin gyara ke nan, da zarar an amince da takardar ta zauna. Bayan nan sai batutuwan da suka taso daga zaman baya, inda za ka tambaya cikin sanyin murya ina aka kwana kan abu kaza da aka ce wane zai bincika.

Zaman da Turanci ake yin sa, ko da duk wanda ke ɗakin Bakatsine ne. In Turancinka na sarƙewa gaban manya, ba abin kunya ba ne, ka rubuta jimlolinka uku na farko ka maimaita su a ɗaki. Ka ɗaga hannu, ka jira shugaba ya ba ka izini, kuma shi za ka fuskanta ko da wani kake ba amsa. Kada ka kama sunan malami a zama. In wani ba ya zuwa aji, ko ya matsa a sayi handawut, ka sami shugaban sashe shi kaɗai a ofis, da ranakun da abin ya faru a rubuce. Dalilin ba tsoro kaɗai ba ne, duk da cewa mai duba takardar jarrabawarka yana iya kasancewa a teburin. In ka tozarta ɗaya gaban 'yan'uwansa, har waɗanda suka san gaskiyarka za su rufa mashi baya, maganar ta mutu. Haka kuma ba kowace matsala ce ta kwamiti ba. Wanda makin gwajinsa ya ɓace, ka raka shi wurin malamin kwas ɗin da jami'in jarrabawa, kada ka cinye lokacin mutum goma sha biyu a kansa.

Kwamitin da ya fi nauyi a wuya shi ne na ladabtarwa. A shekarata ta biyu a kan kujerar aka sa ni, kuma cikin waɗanda aka kama da takarda a ɗakin jarrabawa har da yaron unguwarmu, gida huɗu tsakaninmu. Ban san yadda uwarsa ta ji ina ciki ba. Bayan Isha'i sai ga ta da lulluɓi da ƙwaryar fura, ta zauna kan tabarmar Inna, aka gaisa har aka gaji, sannan ta fashe da kuka. "Ɗiyata, ƙanenki ne. Ubansa ya rasu, shi kaɗai nake kallo. Ki rufa mana asiri yadda Allah ya rufa maki." Inna ta kalle ni, ni na kalli ƙasa. Na ce, "Hajiya, wallahi ba ni da ikon wanke shi, kuma in na ce maki ina da shi na yaudare ki. Abin da zan iya, ki ce ya zo gobe in nuna mashi abin da doka ta ba shi." Ta tafi ba ta ji daɗi ba. Furar ma Baba ya ce a mayar, aka aiki yaro da ita.

Washegari na sami shugaban kwamitin na ce mashi yaron maƙwabcinmu ne, ina neman a ɗauke mani zama kan shari'arsa. Da aka zo kansa na fita waje har aka gama. Kai ma haka za ka yi, ko ɗan'uwa ne, ko aboki, ko wanda kuka taɓa faɗa. Wannan ba tsarguwa ba ce kawai. A 1986 Kotun Ƙoli ta soke korar wasu ɗaliban Jami'ar Maiduguri, kuma cikin dalilan har da cewa wanda ya jagoranci kwamitin binciken yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi da adalci. Aikinka a wannan kwamiti ke nan. Kai ba lauyan mai laifi ba ne, ba kuma ɗan amshin shata ba. Ka duba an sanar da yaro laifinsa a rubuce, an nuna mashi abin da aka kama shi da shi, an bar shi ya yi magana har ya gama, kuma hukuncin da za a ba da shawara a kai shi ne wanda ke cikin littafin dokoki, ba wanda fushi ya kawo ba. Abin da ka ji a ɗakin kuwa, a ɗakin za ka bar shi. Ko Inna ban gaya wa ba, ta kuwa tambaya.

Akwai kuma ranar da baƙi za su zo daga Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, don tantance kwasa-kwasai. Sukan duba malamai da ɗakunan gwaji da littattafai da tsofaffin takardun jarrabawa, sukan kuma zauna da ɗalibai. Wakili na cikin waɗanda ake fara turawa. Sakamakon hawa uku ne: cikakkiyar amincewa ta shekara 5, ta wucin gadi ta shekara 2, ko a hana, wanda ke nufin a daina ɗaukar sababbin ɗalibai a kwas ɗin. Ana gobe za su zo, na shiga ɗakin gwajinmu na ga madubin ƙara girma sababbi fil a jere, waɗanda shekara uku ban taɓa gani ba. Wani malami ya ja mu gefe ya yi mana hannunka-mai-sanda. Da baƙin suka tambaye ni, na ce muna yin gwaji, amma mu biyar ko shida kan taru a kan madubi ɗaya. Ban yi ƙarya ba, ban kuma buɗe masu abin da ba su tambaya ba. Wani zai ce na yi laushi. Ni dai a ganina takardar shaidar da za ta fito daga sashen nan tawa ce, ba zan rushe ɗaki ina ciki ba, amma in kowa ya ce lafiya lau, madubin aro zai koma inda ya fito, ƙannenmu su ci gaba da layi.

In ka yi sa'a aka kira ka zaman manhaja, ka san cewa a tsarin manhajar jami'o'i mai suna CCMAS da NUC ta ƙaddamar a Disamban 2022, kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar daga hukumar yake zuwa, kashi 30 aka bar wa kowace jami'a. Cikin talatin ɗin nan kaɗai maganarka za ta yi tasiri. Ka tambayi waɗanda suka dawo daga SIWES, wato horon sanin makamar aiki, abin da aka nema wurinsu a wurin aiki suka rasa, shi za ka kai.

Sai 'yan ajinku, waɗanda su ne suka fi malaman wuyar sha'ani. Duk zaman da aka yi, ka koma masu da bayani a ranar, gajere: ga abin da na kai, ga abin da aka amsa, ga wanda aka ƙi da dalili. Ka tambayi shugaba tukuna abin da za a iya fitarwa. Kada ka taɓa ɗaukar hoton takardar kwamiti ka jefa a zauren WhatsApp, kafin La'asar ta zagaye makaranta, kuma an san daga inda ta fito. Duk da haka sai an ce an saye ka. Ni har "'yar gaban goshin Din" (shugaban tsangaya ke nan) an kira ni, ranar da na ce masu ɗage jarrabawa da mako biyu ba zai yiwu ba. Na ji zafi, na yi kuka a ɗaki, da safe na tafi lakca. Ka kuma riƙa zagayawa wurin waɗanda ba su magana a zaure: matan aure, masu lalura ta musamman, 'yan aji ɗaya, da waɗanda ba Hausawa ba da ke jin kamar baƙi ne. Masu surutu biyar ba su ne aji ba.

Karatunka kuma kada ya tafi a sadaka. In zama ya ci karo da lakca, ka sanar da malamin tun kafin lokaci, ka nuna mashi takardar gayyata, don rajistar halarta ba ta san kana kwamiti ba. In ya ci karo da gwaji, gwajin za ka shiga, ka aika wa sakatare uzuri a rubuce. A zangona na farko CGPA ɗina, wato matsakaicin makina gaba ɗaya, ya zame daga 3.71 zuwa 3.54, saura ƙiris in faɗo ƙasa da 3.50 in bar matakin digirin da na sha wuya na hau. Daga nan na sa doka: bayan ƙarfe tara na dare ban ɗaukar wayar korafi, kuma makon jarrabawa ban san kowa ba.

Tun ranar farko ka sayi fayil. Duk takardar gayyata, duk bayanin zama, duk ƙidayar da ka yi, ka jera su da kwanan wata. Ni da na hau ban gaji ko ƙyalle ba daga wanda ya gabace ni, shi ya sa na ɓata zango guda ina tayar da maganganun da aka riga aka yanke. Da zan sauka na zauna da yarinyar da ta gaje ni a ƙarƙashin dalbejiyar bakin sashe, muka bi fayil ɗin shafi-shafi, na kai ta ofishin sakatare na gabatar da ita. A bangon ciki na rubuta mata batutuwa uku da ba a gama ba, na farkonsu fankokin babban ɗakin lakca, waɗanda aka amince a gyara tun zama na huɗu.

Ƙanena ya ce zai fara da nemo littafin dokokinsa, yana jin yana cikin jakar da ya baro a ɗakin abokinsa a Ƙofar Ƙaura. Na ba shi naira dubu na ce ya haɗo da littafi ɗan sittin da fayil, zamansu na farko ranar Talata ne.